Kwalaben Da Na Jera

Lahadi, bayan azahar

Ban sha ba. Bari in fara da wannan, tunda duk faɗin Dogon Dutsi ba wanda ya tsaya ya tambaye ni. Ni Dalhatu, ladanin masallacin unguwarmu, ban sha ba, ban ɗanɗana ba, ko bakin kwalbar bai kusanci bakina ba.

Hoton da anka ɗauke ni daren jiya ya riga ni isa kasuwa. Na buɗe butik, shagona, da safe, mai shayin da ke gefena, wanda kullum shi ke fara yi mini sallama, ya duƙar da kai cikin tukunyarshi kamar allura ta faɗa mishi ciki. Wasu samari sunka tsaya nesa, su dubi waya, su dube ni. Na ce musu in mai za su saya su matso, in kallo ne su tafi gidan ubansu su yi.

Sahura, matata, ba ta ce komi ba tukuna. Ta aje mini abinci ta koma ɗaki. Ita ma ta gani.

Lahadi, bayan lisha

Ina son kokowa. Ga shi na rubuta, ƙasa ba ta tsage ba. Tun ina yaro a Dumega nike son ta, kafin Malam Sharif, limaminmu, shi ɗauko ni shi kawo ni gidanshi karatu. Malam ya ce kiɗa ce da layu da tsiraici, na ce to, na bar zuwa fage. Sai waya ta zo. Wani ya sa ni cikin gurup ɗin WhatsApp da ake ce ma Zauren Kokowar Arewa, ni kuma ban fita ba. Mutanen Dumega ne da Sukukutane da Tibiri, da ma'aikatan da anka turo Dutsi aiki. Kowa bokal yake turawa, saƙon murya, a yi ta ihu a kan wa ya kada wa. Ni rubutu kawai nike yi, don duk wanda ke kwana gabashin gari ya san muryata. Shi ya sa sunka sa mini Bebe. Kuma in Bebe ya ce wane zai sha ƙasa, sai ya sha, ko sun ƙi ko sun so.

Admin ɗinmu Mushe Mani ne, wato Mista Mani, malamin kwaleji, ɗan Sukukutane, baki kamar rediyo. Shi ya ce mun daɗe muna zagin juna ba mu san fuskar juna ba, a haɗu ran Asabar bayan lisha a Inuwar Giginya, bakin gudron, titin kwalta, a ci nama. Wallahi na aza wurin balangu ne. Ina zan san sunayen gidajen giya, ni?

Da na isa na ga fitilu masu launi da langa-langa, warin kuma ya tare ni tun daga waje. Na tsaya da moto, babur ɗina, a kunne. Nan ya kamata in juya, na sani, ba sai wani ya gaya mini ba. Amma an sa kokowar ƙarshe ta bana a talabijin, na ji gangar. Na ce bari in leƙa in yi sallama in fito.

Sallamar ce ta kashe ni. Wani ƙato ɗan Tibiri ya dire kwalba ya ce, "Kai, tsaya! Sake faɗi. Wallahi wagga murya ita ke hana ni kwanan asuba!"

Mani ya ce, "Ustaz, wane ne kai cikin gurup?"

Na ce, "Bebe."

Tebur ya fashe. Sunka miƙe, wannan ya rungume ni, wancan ya ja mini kujera, ana "Bebe ladan! Bebe ladan!"

Sannan na ga wanda ke zaune a kusurwa. Ba zan rubuta sunanshi ba. Ya gan ni, na gan shi, kwalba na hannunshi ya rasa inda zai sa ta. Na ja kujerata na zauna gefenshi. Don shi na zauna, in kai shi gida. Dalilin ke nan, babu wani.

Lemu na ce a kawo mini. Anka shiga gardamar Jibo na Dumega, wai sa'a ce ta ba shi kaye. Na miƙe na gwada musu yadda ya sa ƙafa, har kujera ta faɗi. Na yi dariya. To sai mi?

Kwalabe sunka cika tebur. Na ce ma yarinyar da ke kawowa ta kwashe wofin, ta ce, "Malam, ba a kwashewa sai an tashi, da su ake lissafi." Haka suke aikinsu a can ashe. Nama ya zo, ba wurin aje faranti. Ni kuma mutum ne da ba ya iya ganin kaya a watse. Duk wanda ya shiga butik ɗina ya san yadda nike jera kwalaben mai, layi-layi, tambari na kallon mai saye. Hannuna ne ya yi, ban ma sani ba. Na tattaro su duka, na shi na kusurwa sun fi yawa, na jera su gabana tsaf, tambari na kallon waje. Kwalbar lemuna ta ɓace bayansu.

Mani ya ɗaga waya. Na kusurwa ya gani, ya sulale ya yi bayan gida. Ni ina nan baki buɗe, ga gemu, ga hula, ga kwalabe a jere kamar ni na buɗe gidan.

Da anka tashi na ɗora shi bisa moto, yana ta kuka a bayana yana cewa in rufa mishi asiri. Na bi ta lungu cikin rairayi, na jingina shi da ƙofar gidansu, na dawo.

Ban sha ba.

Litinin, hantsi

An mai da ni sitika. Ɗan ƙanwata ma na da ita.

Talata, bayan magariba

Sun karɓe makulli.

Alhaji Abdulhakim, shugaban komite na masallaci, ya ce in tsaya bayan salla. Shi da ke auna gero da tiya mai lotsattsen gindi, yau shi ne mai tsaron addini. Malam na zaune gefen mihrabi da carbinshi.

Alhaji ya miƙo mini waya. "Malam Dalhatu, wannan kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

"Wurin nan gidan giya ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne. Amma Alhaji, lemu na sha."

"Ina lemun?"

"Yana bayan kwalaben."

Wani ya yi tari don shi ɓoye dariya. Allah ya isa tsakanina da tarin nan.

Alhaji ya ce, "To wa ya sha waɗanga da ke gabanka?"

Na dubi Malam. Tsoho ne, tansiyo gare shi, hawan jini, bara ma sai da anka kwantar da shi. Shi ya koya mini alif, shi ya yi mini aure, shi ya riƙe mini mikoro, abin magana, ranar da na fara kiran salla. Na ce, "Mutane ne."

"Mutane ba su da suna?"

Alhaji ya buɗe tafin hannu, na zaro makullin akwatin ampili na lasifika daga cikin makullaina na sa mishi. Zoben ya ƙi buɗewa, sai da na karya farce. Malam bai ɗago ba.

Laraba, asuba

Mus'ab sunka ba makullin.

Mus'ab ɗan Malam! Ina kwance na ji an hura mikoro, sannan muryarshi. Na tashi zaune kamar kunama ta harbe ni. To, na rubuta sunan na kusurwa, ya ƙare. Har yanzu rigata ta Asabar na jiƙe a bokiti don aman da ya yi mini a kafaɗa, shi ne yau ke tada Musulmi salla. Ja yake yi kamar ana murɗa ma akuya kunne, numfashi na yanke mishi tsakiyar shahada.

Na je na yi salla a sahun baya. Ba wanda ya haɗa ƙafa da ni.

Alhamis, bayan la'asar

Yau Sahura ta buɗe baki. Ɗiyarmu Rumaisa'u ta dawo daga islamiyya tana kuka, yara sun ce babanta mashayi ne.

Ta ce, "Baban Rumaisa, ni ban ce ka sha ba. Na shinshina ka da ka shigo, ba abin da na ji sai warin aman wani. Aman wa ne?"

Na ce ba ruwanta.

"Ba ruwana? Ni da na je famfo mata sunka yi tsit? Ni da uwata ta kira daga Dumega tana tambaya ko in dawo gida? Kai kana rufa ma ɗan wani asiri, taka ɗiyar na kuka a titi!"

Na ce ta rage murya. Ta ce ai murya tawa ce anka rage, ba tata ba. Na ɗauki hula na fita kafin in faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Sannan ta biyo ni zaure da tambayar da ta fi duka ciwo. "Shekarunmu tare ban taɓa ganin ka yi irin dariyar hoton nan ba. Mi sunka ba ka can da babu a gidanga?"

Na fice abina. Ba ta cancanci amsa ba.

Asabar, hantsi

Mani ya zo butik, da jakarshi ta lekol, wato makaranta, da haƙoranshi a waje.

"Ladan, pardon, wallahi cikin gurup kawai na sa. Ban san wa ya fitar ba."

Na ce, "Gurup mai mutum fiye da kasuwar ƙauyenku? Kai da kake koyar da 'ya'yan mutane, wanga hankalin kake koya musu?"

Ya ce ya goge hoton. Ya goge! Bayan ya kai Tibiri ya dawo. Na ce to shi zo gaban komite shi faɗi wanda ya sha. Nan ya gyara tsayuwa ya zama mutumin kirki.

"A'a Ladan. Zan iya rantsuwa lemu ka sha. Amma mu a can ba mu faɗin wa ya sha mi. Ba a yi."

Kun ji. Suna ba a faɗi, hoto ne ake watsawa. Kuma rantsuwar mashayi wa zai karɓa a masallacinmu? Na ce shi fita mini daga butik kafin in rotsa mishi kwalbar mai. Ya fita yana cewa 'yan gurup na gaishe ni, wai Zaure ya yi sanyi ba Bebe.

Su mutu da sanyin.

Asabar, bayan lisha

Ban fita daga gurup ɗin ba. Ban buɗe ba dai. Sau ɗaya kawai, don in ga ko suna maganata.

Litinin, azahar

Lokacin kira na yi maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Sai in tsinci kaina na miƙe, ina lalube aljihu.

Laraba, bayan la'asar

Mus'ab ya zo. Ya jira sai da kasuwa ta yi sauƙi, ya shigo ya tsuguna bayan buhunan shinkafa inda ba a ganin shi daga waje. Ɗan liman guda, tsugune kamar ɓarawon kaza.

"Yaya Dalhatu, don Allah."

Na ce don Allah mi?

"Na bari. Wallahi tun ranar ban ƙara ba. Ni ban roƙi makullin nan ba, Alhaji ne ya danƙa mini gaban mutane, ya zan ce a'a? In Baba ya ji, mutuwa zai yi. Kai ma ka sani."

Na ce, "Ni da na goya ka a gidanku kana majina, ni za ka gaya ma ciwon Malam? Da ka ga an ɗaga waya, mi ya hana ka ja rigata? Kai ka san a gudu, ni ka bar ni da kwalabenka."

Ya fara hawaye. Ya iya kuka, wannan kam tun yana yaro. Na ce shi tashi shi tafi la'asar ta wuce, magariba na jiran shi, kuma in zai ja shi cika ciki da iska tukuna, ya bar kunyata masallaci.

Ko don mi na gaya mishi wannan? Haushin kaina ya fi nashi.

Juma'a, da safe

Ran kasuwa, mutanen ƙauye sun cika gari, ciniki ya zo. Su ba ruwansu. Wani tsoho daga Sukukutane ya sayi mai, ya dube ni da kyau ya ce, "Kai ne Bebe? Jikana ya gwada mini kai. Yaro, maganarka a kan ƙafar Jibo gaskiya ce." Na ba shi canjinshi.

Lahadi, bayan magariba

Komite sun yanke. Alhaji ya aiko, bai ma zo da kanshi ba. Ran Juma'a bayan magariba in tashi gaban jama'a, a ba ni mikoro, in ce na sha giya, na tuba, a yi mini addu'a. In na yi haka, makulli ya dawo hannuna a daren. In ban yi ba, shi ke nan.

Wato in yi ƙarya a ɗakin Allah don a bar ni in kira mutane zuwa ɗakin Allah.

Sahura ta ce in faɗi suna kawai a huta. Na ce ba zan kashe tsohon da ya rene ni ba. Ta ce to in kashe kaina, ai shi ya fi sauƙi.

Talata

Ba abin rubutawa. Kowa munafuki ne.

Laraba, bayan lisha

Malam ya aiko in zo. Na same shi a zaure bisa buzu, ƙafafu sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Sahura da yarinya, ya tambayi kasuwa. Raina ya yi sanyi, na ce yau dai zai tambaye ni gaskiya, ni da shi.

Ya ce, "Dalhatu, ɗana, ka tashi ran Juma'a ka faɗi abin da sunka ce. Kalma biyu ce. Mutane na son mai tuba, wata ɗaya sun manta. Masallaci na buƙatar muryarka."

Na ce, "Malam, ban sha ba."

Ya ce, "Na sani."

Na aza irin ta uba ce, wato ya yarda da tarbiyyar da ya ba ni. Har idona ya kawo ruwa. Sai ya ci gaba, yana kallon carbi.

"Mai maye ba ya tuƙa moto cikin rairayin lungunmu da mutum a baya bai faɗi ba. Ina nan zauren ranar, ban yi barci ba. Na ga wanda ya sauke shi. Ni na buɗe ƙofa na ja shi ciki."

Tun daren Asabar. Yana zaune gefen mihrabi ina karya farce, ya sani. Ana miƙa ma Mus'ab makulli, ya sani. Ni ina ta haɗiye wuta don kar tsoho shi ji shi faɗi, ashe tsoho ya ji, ya ci tuwonshi, ya kwana.

Ya ce, "Kai kana da ƙarfin ɗauka, shi ba shi da shi. An sa ranar aurenshi bayan salla. In wannan ta fita, ba shi kaɗai ba, masallacin ne duka za a yi ma dariya. 'Yan bori ma sai sun yi mana guɗa. Ka ɗauka don ni."

Na ce, "Malam, da ɗanka ne ni, da ka ce in ɗauka?"

Ya ci gaba da jan carbi. Na yi mishi sai da safe. Har yau ban taɓa fita zauren nan ban ce a sa ni a addu'a ba, sai yau.

Alhamis, asuba

Ban runtsa ba. Ina son makullin nan. Allah ya sani ina son shi, har kunya nike ji.

Juma'a, bayan lisha

Masallaci ya cika har waje. Mutanen da ban taɓa gani a magariba ba duk sun zo, har da masu shago na bakin gudron. An zo kallon kaye.

Anka sallame. Alhaji ya tashi ya yi dogon bayani a kan falalar tuba, ya aje makullin bisa darduma inda kowa zai gani, ya miƙo mini mikoro. Na karɓa. Yana nan yadda na bar shi, da salatif ɗin da na naɗa a wuyanshi. Na hura, na ji lasifika ta amsa bisa rufi. Mus'ab na sahun gaba, kai cikin gwiwa.

Na yi sallama, sunka amsa. Na ce, "Jama'a, na shiga gidan giya, wannan kuskurena ne, ina neman gafarar Allah. Na zauna, na yi dariya, na jera kwalabe. Amma ban sha ba. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Ku tambayi Malam, ya sani."

Duk masallaci ya juya. Ko tari babu. Alhaji ya ce, "Malam, haka ne?"

Na dube shi. Wallahi har lokacin ina sa rai. Kalma guda ce, ba sai ya ambaci kowa ba. Eh kawai.

Malam ya ja carbi, ya ja. Ya ɗago, bai dube ni ba, ya ce, "Allah ne masani."

Alhaji ya duƙa ya ɗauke makullin ya sa aljihu. Na kashe mikoro, na naɗe wayar yadda nike naɗewa, na aje. Na ratsa sahu, ana janye mini gwiwa. Takalmina ma ban tsaya sawa ba, a hannu na kawo su gida.

Sahura ta ji komi ta lasifika, ita da duk matan unguwa. Ta karɓi takalman ta aje, ta kawo mini ruwa.

Asabar, asuba

Mus'ab ya kira. Yau bai yanke ba, ya cika ciki da iska.

Sahura ta zuba mini ruwa a buta ta tsaya bakin ƙofa da mayafi. Ta ce, "Baban Rumaisa, wane masallaci za ka?"

Ga shi an tada iƙama, ina jin muryar Malam yana cewa a daidaita sahu. Butar na nan inda ta aje ta.